Kujerun Malam Barau

Duk wanda ya san unguwar bayan masallaci a Faskari ya san Malam Barau, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Ba a taɓa kawo zancen wani abu a gabansa ya ce bai sani ba. In ka ce takin zamani, shi ya fara kawo shi garin. In ka ce jirgin sama, ya taɓa ba matuƙi shawara. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani, bakin ne kawai ba shi da birki.

Cikin duk abin da yake cika baki da shi, ɗaya ne kaɗai gaskiya: majalisar ƙofar gidansa. Akwai wata tsohuwar cediya a wurin, a gindinta kuma wani ƙaton gungumen maɗaci da mahaifinsa, marigayi Malam Mani, ya kwantar tun Barau bai iya ɗaura wando ba. Zama ya goge gungumen nan har yana sheƙi. Kullum bayan La'asar Liman Malam Abdulƙarim zai zo ya ɗora buzunsa a kai ya zauna, dattawa su jeru a gefensa, sauran jama'a a tabarma. Nan ake sasanta wanda akuyarsa ta ci shukar wani, nan ake jin yadda masara ta kwana a kasuwar Yankara. Malam Mani ya daɗe a kabari, amma majalisarsa ba ta tashi ba, kuma Barau yana jin wannan har cikin ƙashinsa.

To, sai ga Alhaji Nata'ala, wani mai sayen hatsi da gidansa ke ɗaya gefen masallaci, ya gina dakalin siminti a ƙofar zaurensa. Ba da wata manufa ya yi ba, mutum ne da ko gaisuwa a hankali yake amsawa. Amma aka fara samun masu tsayawa can su ɗan huta kafin su ƙaraso. Hankalin Barau ya tashi. A ce a zamaninsa majalisar ubansa ta bar ƙofar gidan? Wannan kam gara a ce masa gonarsa ba ta yi ba.

Ana cikin haka ya je Abuja suna, gidan wani ɗan ƙanensa. Ya dawo idonsa cike da abin da ya gani.

"Larai!" ya kira matarsa tun bai cire hula ba. "Ashe duk shekarun nan zaman wahala muke yi? Mutane can lambun shan iska gare su a ƙofar gida. Kujeru iri-iri, har da wata da ake ratayewa, mutum shi shiga tana lilo da shi. Mu muna nan muna goge wando a kan itace."

"Malam, itacen nan dai Baba ya zauna a kai, ban kuma taɓa jin ya yi ƙorafi ba."

"Baba bai je Abuja ba."

"Kai ɗin ma ai ba ka daɗe ba."

"Ni kallo ɗaya nake yi wa abu in haddace shi. Ki zuba ido. Wanda duk ya zauna a kujerar da zan kawo, ko da sanda aka kore shi ba ya komawa dakalin siminti."

Larai ta ce Allah shi kyauta, ta ci gaba da tankaɗe.

Washegari ya fara da gungume, domin a cewarsa shi ke ɓata tsarin wurin. Ya aika aka kira masa Alhaji Nata'ala, don dai shi ma ya ji a jikinsa.

"Alhaji, ga kyauta na ba ka. Sa a ja itacen nan a faskara, iyali su yi girki."

Nata'ala ya dubi gungumen, ya dubi Barau. "Malam Barau, ka tabbata?"

"Ka taɓa jin na faɗi abin da ban tabbata ba?"

Amsar wannan tana da tsawo, don haka Nata'ala bai tsaya lissafi ba. Ya sa aka kawo shanun huɗa, aka ɗaura igiya, aka ja gungumen aka sha kwanar masallaci da shi. Da yamma dattawa suka zo suka tarar da shatinsa kawai a ƙasa. Barau ya ce su yi haƙuri na ɗan lokaci, abin da ke tafe sai sun riƙe baki.

Ya tafi Funtuwa zaɓen kujeru. Mai shagon ya tambaye shi ko a rana za su zauna ko a inuwa, Barau ya ce, "Kai dai sayar, ni na san inda zan aje." Ya ɗauki na ƙarfe baƙaƙe, wai ƙarfe ba ya tsufa. Ya ɗauki kushin ja mai laushi irin na ɗakin amarya, wai na manyan majalisa. Ya haɗa da fararen na roba, na sauran jama'a. Ta lilo ce ba a samu ba. Bai damu ba, ya nufi wurin wani mai walda ya zana masa ita da hannu a iska. Mai walda ya yi iyakar fahimtarsa. Abin da ya fito, in ka cire sarƙar da ke samansa, ba shi da maraba da akurkin kaji.

A-kori-kura ta sauke kaya a ƙofar gida, Barau na tsaye yana ba da umarni kamar shi ya ƙera motar. Aka jera komai a gindin cediya. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

Abin da ya manta shi ne cediyar nan tana da masu ita. Balbelu ne ke kwana a kanta tun zamanin Malam Mani, suna sauke abin da suka saba saukewa, ba wanda ya taɓa damuwa, don gungume ba ya nuna datti. Gari na wayewa Barau ya fito ya tarar jan kushin ya koma dabbare-dabbare. Ya yi salati ya sanar da Ubangiji.

Larai ta leƙo daga zaure. "To a matsar da kujerun mana, Malam."

"In matsa wa tsuntsu? A ƙofar gidana? Su ne za su matsa!"

Ya kirawo masu gatari. Kafin Azahar cediyar da ta yi wa unguwa inuwa tun kaka da kakanni ta koma kamar an yi mata aski. Reshe ɗaya ya ce a bar masa na rataye lilo, shi ma sai da gatari ya shiga kusan rabinsa kafin ya tuna ya daka tsawa. Mai saran ya ce a ƙarasa shi kawai, tunda an riga an raunata shi. Barau ya ce, "Kai ka san itace ko ni? Wanga reshe ko raƙumi aka rataya mashi ba ya motsi."

Balbelu kam sun tashi. Inuwa ma ta bi su.

Lokacin kuwa bazara ce, irin wadda ƙadangare ma ke neman gindin bango. Kujerun ƙarfe suka wuni suna shan rana. Wanda tsautsayi ya fara kawowa shi ne Alhaji Jabiru mai taki, mutum mai jiki, wanda in ya nufi zama ba ya iya fasawa a hanya. Barau ya tare shi da fara'a ya nuna masa kujera. Alhaji Jabiru ya tattara riga ya saki jiki gaba ɗaya. Wallahi mutanen unguwa sun ce rabon da su ga ya yi tsalle irin wannan tun yana saurayi.

"Innalillahi! Malam Barau, kujera ce wannan ko tanda?"

"Haka suke, Alhaji. Likitocin Abuja sun ce ɗumin yana maganin ciwon baya."

"To ni ba bayana ne ya ƙone ba!"

Ya tafi yana tafiya a tale, bai ko waiwayo ba. Ya sha kwanar masallaci.

Barau bai karaya ba. Ya ce dama tsarin bai cika ba sai da rumfa. Ya samo tamfol shuɗi da turakun ƙarfe, aka kafa rumfa ƙatuwa, ya jera fararen kujerun roba sahu-sahu a ƙarƙashinta, ya shiga gida ya kwanta yana jin daɗin kansa.

To, a Faskari in ka ga rumfa da fararen kujeru a jere a ƙofar gidan mutum, abu uku ne: ko suna, ko siyasa, ko rasuwa. Larai ta daɗe da barin haihuwa. Zaɓe kuma da saura. Mutane suka yi lissafin da ya rage.

Da Barau ya fito, sai ya ga kujeru sun cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa zuwa majalisa ba. Kowa ya sunkuyar da kai, wasu na jan carbi. Daɗi ya kashe shi. Ya gyara hula ya ce a ransa, ka ga abin da kujera mai kyau ke yi, har natsuwa take sa mutane.

"Jama'a, barkanku da hutawa!"

Kawuna suka ɗago a tare. Wani dattijo ya ƙura masa ido ya ce, "Malam Barau, ashe kana nan? To wa muka rasa?"

Bai kai ga amsawa ba sai ga babur ya tsaya da ƙura. Wata mata ta diro tana kururuwa, mayafi a hannu. Shafa'atu ce, ƙanwarsa da ke aure a Yankara. Wani direba ne ya wuce ya ga rumfa, ya kai mata labari da ƙari.

"Wayyo Yaya! Wayyo ɗan'uwana, ka tafi ka bar..." Ta yi turus. Ga Yaya tsaye da hularsa. "Yaya, ba kai ba ne?"

"Ba ni ba ne me?"

"To wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu! Lambun shan iska ne!"

"Ba wanda ya mutu, ka sa na baro tuwo a kan wuta? Na yi kuka tun daga Yankara har nan, maƙogwarona kamar zai tsage, ashe iska kake sha?"

Masu ta'aziyya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu na toshe baki da hannun riga. Shafa'atu ta share hawaye, ta dubi cediya, ta dubi ƙasa. Muryarta ta sauka.

"Yaya, ina gungumen Baba?"

Wannan tambaya ta soke shi, don dai shi ma da safe idonsa kan kai wurin kafin ya tuna. Amma ya daure ya ce zamani ya wuce itace. Shafa'atu ta ce ba inda za ta koma sai ta ga ƙarshen wannan zamani, ta shige gida wurin Larai.

Duk kwanakin nan majalisa ba ta zauna ba. Dattawa kan zo su yi sallama daga tsaye, su ce suna da ɗan uzuri. Barau ya ga abin na neman kuɓuce masa, sai ya bi gida-gida da kansa yana gayyata: ranar Juma'a bayan La'asar za a buɗe lambu, kuma Liman ya amsa zai zo. Larai ta dama fura cike da ƙwarya. Aka rufe tabon kushin da zannuwa. Aka rataye akurkin lilo a reshen nan guda, sai dai mai walda ya gajarce sarƙa, abin ya tsaya sama da ƙugun mutum. Barau ya ce haka ake yinsa, ya sa aka fito da turmin Larai don takawa.

Ranar Juma'a jama'a suka taru, rabi don kunya, rabi don kallo. Kowa sai ya taɓa kujera da bayan hannu kafin ya zauna. Barau ya sha babbar riga fara mai aiki. Ya ce kafin Liman ya iso bari ya nuna masu yadda manya ke hutawa. Ya taka turmi, ya cusa kansa cikin akurki, ya naɗe, ƙafafu na reto a waje.

"Kun gani? Ko sarki albarka."

Yana cikin bayani Shafa'atu ta fito, ta gaida mutane, ta kwantar da turmi ta gangara da shi cikin gida. Daka za su yi, in ji ta. Barau bai ma lura ba.

Sai ga Liman Malam Abdulƙarim tafe a hankali, buzu a kafaɗa. Jama'a suka miƙe. Barau ya nuna babban kushin daga sama.

"Allah shi gafarta Malam, ga taka nan, ta musamman."

Liman ya dubi kushin, ya ɗan danna shi da sanda, ya ga sandar ta nutse. Ya yi murmushi. "Malam Barau, an gode. Amma ni in na shiga nan, sai an kira mutane sun ciro ni sallar Magariba. Tunda babu gungume, ƙasa ta ishe ni."

Ya shimfiɗa buzunsa daidai inda gungumen yake a da, ya zauna a ƙasa.

Shi ke nan. Wa zai hau kujera Liman na ƙasa? Alhaji Jabiru ne ya fara durƙushewa, da alama ma daɗi ya ji. Sauran suka bi, kowa ya tattara riga ya zauna a turɓaya. Kan ka ce wani abu, kujerun Funtuwa duk sun zama fanko, jama'a na zaune a tsakaninsu kamar masu gadinsu.

Mutum ɗaya ne ya rage a sama. Kuma ba sama kawai ba, tafin ƙafafunsa na daidai rawanin Liman.

Kunya ta rufe Barau, gumi ya karyo masa. Ya laluba turmi da ƙafa, babu turmi. Ya yunƙura zai diro, ashe bakin rigarsa ya maƙale a wani ƙarfe da mai walda bai goge ba. Yunƙurin ya sa akurki ya fara juyawa.

"Allah shi gafarta..." akurki ya juya da shi ya fuskanci bango. Ya zagayo. "...Malam, wallahi ba da..." Ya sake wucewa. "...gangan ba ne!"

"A hankali dai, Malam Barau," in ji Liman, yana ɗan sunkuyar da kai duk lokacin da takalman suka zo wucewa.

"Ku riƙe shi mana!" wani ya ce.

"Kada wanda ya taɓa!" Barau ya yi ihu daga ciki. "Na san yadda ake tsayar da..." Ya wuce.

Ba wanda ya lura da hadarin da ya haɗo daga gabas, don duk ido na kan lilo. Iskar farkon damina kuwa ba ta sallama. A da cediya ke tare ta. Yau ta tarar da fili. Ta shiga ƙarƙashin tamfol ta ɗaga shi da turakunsa, ta kifa shi a kan katangar maƙwabta. Kujerun roba suka bi titi a guje, ɗaya ta yi karo da ƙwaryar fura. Reshen da ko raƙumi ba ya motsa shi ya ce ƙaƙas, ya ƙara cewa ƙaƙas. Alhaji Jabiru ya sungumi Liman da buzunsa gefe. Akurki ya faɗo tim, ya mirgina, ya tsaya baki a ƙasa, Malam Barau a ciki kamar zakaran da za a kai kasuwa.

Ruwa ya kece. Mutane suka taru suka ɗaga akurki, suka zaro shi, rabin babbar riga ya zauna a ciki. Ba abin da ya karye a jikinsa. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga ba kowa a gabansa. Babu itace, babu rumfa, kowa ya ruga neman mafaka, kuma duk kwanar masallaci suka sha.

Ya tsaya shi kaɗai cikin ruwa, jan kushin na tsotsar ruwa a gefensa. Daga zaure Larai ta ce, "Malam, ka shigo mana." Bai shiga ba. Ya bi sawun mutane.

A zauren Alhaji Nata'ala ya same su. Yana sa kai ya tsaya cak. Ga gungumen nan kwance a jikin bango, ko ɓantare ba a yi masa ba. Liman ya riga ya ɗora buzunsa a inda ya saba, dattawa sun jeru kowa a gurbinsa, kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

"Na ɗauko gatari," Nata'ala ya ce a hankali, "hannuna ya ƙi."

Can ƙarshen gungumen akwai wani ɗan lotsawa, inda Malam Mani ya zauna har ya bar duniya, inda Barau ya gada. Zauren ya cika, wasu ma a tsaye suke, amma ba wanda ya zauna a wurin. Liman ya nuna masa da haɓa. Barau ya je ya zauna, ruwa na ɗiga daga rabin rigarsa. Ya ɗora tafin hannu a kan itacen, ya ji santsinsa. Kewar ubansa ta taso masa. Mutanen Faskari suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Malam Barau zaune cikin taro bai ce komai ba.

Sai da ruwa ya fara tsagaitawa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, in ba damuwa, gobe zan aiko a mayar da shi."

"Naka ne," in ji Nata'ala.

Liman ya gyara zama. "Gungume kam naka ne, Malam Barau, ko yanzu ka so a ja shi. Amma mu tsofaffi ne, ba mu iya zaman rana. Ka bar shi nan tukuna. Ranar da cediya ta yi inuwa, ka aiko, da ƙafarmu za mu rako shi gida."

Barau ya ɗago kai. Ya dubi fuskokin mutane. Sai kuma ya gyara jiƙaƙƙiyar hularsa.

"Ai dama, Allah shi gafarta Malam, don ta yi sabon tofo na sare ta. Haka ake yi a Abuja."

Zauren ya fashe da dariya, har Liman sai da ya share ido da gefen rawani.

Kujerun roba yanzu suna yawon suna da biki a unguwa, ba mai tambaya kafin ya ɗauka. Kushin na awaki ne. Akurki kuwa Larai ta zuba kaji a ciki, ta ce wannan kaɗai ne mai walda ya yi daidai. Kowace safiya, a tsakiyar damina, ruwa na sauka ko ba ya sauka, za ka ga Malam Barau da bokiti yana ba cediya ruwa, yana ɗaga kai yana duba ganye. In La'asar ta yi kuma sai ya sa hula ya sha kwanar masallaci. Shi da ya saba zama yana amsa sallamar mutane, yanzu shi ke tsayawa a ƙofar wani ya yi sallama, ya jira a ce masa bismillah, kafin ya zauna a kan gungumen ubansa.